Manhajar da Ba Ta da Makulli

Abu ɗaya ne na san ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da tsufa ya gama kwashe abin da ya rage a kaina: ranar da aka sake buɗe shagon marigayi mai gidana a Kazaure. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta da manyan baƙaƙe wuce shi zan yi ban gaishe shi ba. 'Yata Auta ce take rubuta wannan ina faɗa mata. (Na ce in ta yi dariya na fasa. Ga ta nan ta toshe baki da mayafi, tana tsammanin ban gani ba.)

Malam mai hoto ne. Duk wanda ya yi wayo a Kazaure da Roni da Gwiwa har Babura, in ya duba bangon ɗakin uwarsa zai ga aikinsa. Da keke ya fara, kyamara rataye a wuya, yana bin ranakun kasuwa da gidajen suna, kafin Allah Ya hore masa ya kama shago a bakin titi. Da damina ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Har yau in na ji motsin ƙofa bayan la'asar sai na ɗaga kai, don lokacin yake dawowa, hannunsa na warin ruwan wanke hoto, yana tambaya ko akwai sauran fura. Ba na ɓoye kukana, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa.

Ni kuwa, duk da matar mai hoto ce, an san ni da ƙin hoto. Wanzami ba ya son jarfa, to matarsa ma haka. A gidan biki da an ɗaga waya sai na juya ƙeya. Jikokina mata in suka karkace kai suna turo baki kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa, ni ce mai tsawa. Ban san sau nawa na faɗa a gaban mata ba cewa ni tunda nake ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba sai hoton fasfo na aikin Hajji, shi ma fuskata a ɗaure. Na faɗa na faɗa har ni kaina na yarda.

Bayan rasuwar, 'ya'ya suka zauna suka ce ba za a raba shagon ba, a bar shi a hannuna, Auta ta ci gaba da aiki tunda ita ta gaji hannun ubanta. Na ji daɗi, amma na san halin 'ya'yan zamani. Da baki su ce "a hannun Inna yake," sannan su yi abin da suka ga dama, su zo su ba ka labari bayan an gama. Abin da nake tsoro ke nan: Malam ya tafi, ni ma a naɗe ni a jingine a bango kamar tsohuwar tabarma, ana gaishe ni ba a shawara da ni.

Kwamfutoci uku ne a shagon. Ɗaya Auta take gyaran hoto da ita, ɗaya ta bugawa ce, ɗaya kuma tana gaba, an haɗa ta da babbar talabijin da ke nuna wa masu jira irin aikin da ake yi. Kullum Auta cikin mita take, wai hoto yana wannan ana nemansa a waccan, sai an sa shi a wani ɗan abu kamar yatsa da suke kira filasha a yi ta yawo da shi, yau ya ɓace, gobe ya kwaso cuta. (Ni ban san ƙarfe yana kamuwa da cuta ba, amma bar wannan.) Sai ta sayo wata babbar kwamfuta baƙa, ba fuska ba madannai, sunanta saba. Aikinta ta zauna a lungu tana huci, duk hotuna suna cikinta, sauran su riƙa ɗiba daga wurinta. Ta kuma kwashi akwatunan dodon hoto na ubanta, baƙaƙen fina-finan nan da ake wanke hoto daga jikinsu, aikin shekara da shekaru, ta aika Kano aka juye su suka koma irin wanda kwamfuta ke gani. A cakuɗe suka dawo. Ita kanta ba ta duba ko rabinsu ba ta zuba su cikin sabar.

Ina gab da fita takaba ta zo min da mai haɗa kayan har gida. Injiniya Bashir sunansa, mutumin Babura, mai natsuwa, gemunsa ya fara fari. Tun daga zaure ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi min ta'aziyya yadda ya kamata. Ranar kuma, don tsautsayi, Idi yana gidan. Idi ƙanin Malam ne, a Roni yake zaune. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya, irin na mace da ƙanin miji, kuma furfura ba ta rage masa ko kaɗan ba.

Auta ta ce, "Inna, shawara muka kawo. Shago naki ne, ba za a yi komai ba sai da yawunki."

Na gyara zama. Wannan ce shawara ta farko da aka kawo min tun rasuwar.

Injiniya ya ce, "Hajiya, waya mun riga mun ja, kwamfutocin nan uku duk sun haɗu da sabar. Amma waya hanya ce kawai. Saura manhajar da za ta riƙa raba musu hotunan."

"Mece ce kuma manhaja? Miƙo ta in gani."

"Ba a riƙe ta a hannu, ranki ya daɗe. Tsari ne da ake zuba wa kwamfuta ya koya mata yadda za ta yi aiki."

Ka ji fa. Abin da ba a gani, ba a taɓawa, ba a ɗanɗanawa, shi aka tara ni in zaɓa. Ko gero zan saya sai na tauna. Na ce to, ina jin ka.

Ya ce iri biyu ne a gabansa. Ta farko mai sauƙi ce, da yamma ɗaya zai gama sa ta. Ita ba ta tambayar kowa komai, duk kwamfutar da ke shagon tana ganin duk abin da ke cikin sabar, ta ɗauka, ta ajiye. Ta biyu kuwa mai makulli ce. Kowa da sunansa da lambar sirrinsa, kowace kwamfuta ba ta ganin komai sai abin da aka yarje mata. Amma kafin ta yi amfani sai Auta ta zauna ta tsince hotunan nan duka, ta ware na nunawa, ta ware na ajiya, kuma wannan ba aikin mako ɗaya ba ne ko biyu.

"Ni dai ta biyun nake ba da shawara," in ji shi. "Tana da wahala a farko, amma hankali kwance."

Auta ta ce ita ma ita ta fi kwanta mata.

Wallahi da an tsaya a nan da na ce to, Allah Ya sa albarka. Me ya dame ni? Sai Idi, yana kishingiɗe yana tauna goro, ya buɗe bakinsa.

"Ku dai ku je ku yi abin da ya dace, ku daina wahalar da tsohuwa. Wannan da ko rediyo sai Yaya ya kama mata tasha, ita za ku tambaya kwamfuta?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Auta ta ce, "Haba Baffa." Wasa ne, na sani, amma wasan ya faɗa daidai inda ciwon yake. Na ce a raina, yau in na bi bayansu na ce to, shi ke nan, daga yau sunana 'yar amin.

Na ce, "Injiniya, mai makullin nan, wa za a kulle wa?"

"Ba wai don wani ba ne, Hajiya, don dai..."

"Shagon nan Malam ya yi shekaru a cikinsa, aljihun teburinsa ko kwaɗo babu. Yaran shago da shi kwano ɗaya suke ci. Yau ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba za a shiga raba wa mutane makulli? Kuma ke Auta, aikin ubanki ne za ki zauna ki tsince kamar shinkafa mai tsakuwa? Wane hoto ya ɗauka da za a ɓoye?"

Auta ta ce, "Inna, ba haka ba ne. Baba ya shiga gidajen mutane ya ɗauki matan aure. In hoton matar wani ya fito a talabijin ɗin gaban shago fa? Da wane ido za mu kalli mijinta?"

Nan na samu abin da nake nema. Na ɗaga yatsa.

"Ashe ba ki san ubanki ba. Malam in ya shiga gida ya ɗauki matar aure, ranar da zai kai hoton, tare da dodonsa yake kaiwa. Ya danƙa wa mijin a hannu, ya ce ga amanarka, ban bar komai a wurina ba. Tun yana bin ƙauyuka da keke haka yake yi, shi ya sa har malamai suke yarda ya shiga gidajensu. Babu dodon matar aure ko ɗaya a akwatunan nan. Idi, ƙarya na yi?"

Idi ya ce, "A nan kam gaskiyarta, ko da yake ba ta saba ba."

Injiniya ya sake gwadawa, bawan Allah. Ya ce in an sa mai sauƙin, kwamfutar gaba za ta riƙa jawo hotunan Malam ɗaya bayan ɗaya tana nunawa, duk wanda ta tarar, ba ta san na nunawa da na ɓoyewa ba. Na ce haka nake so. Na ce ranar da na fita takaba za a yi addu'a a buɗe shago, kuma ranar nake so mutanen ƙasar nan su ga aikin Malam dukansa, ba wanda aka tankaɗe ba. Har na ƙara musu da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. (Auta, kada ki tsallake wannan. Na faɗa, a rubuta.)

Injiniya ya ce, "Shi ke nan, Hajiya. Yadda kika ce." Na kalli Idi na yi masa murmushin nasara.

Ranar addu'a ta zo. Da hantsi aka shimfiɗa wa maza tabarmi a ƙarƙashin rumfar gaban shago: liman, mai unguwa, tsofaffin abokan Malam daga Roni da Babura, da dangin mijin Auta da suka taso daga Gwiwa. Aka juyo da talabijin bakin ƙofa tana kallonsu. Mu mata muna ciki bayan labule, inda sauran kwamfutocin biyu suke. Kusa da ni uwar mijin Auta ce, Hajiya Asabe, mace mai nauyi, tsakanina da ita gaisuwa ce da kunya, ko tari ba na son yi a gabanta.

Da aka shafa fatiha Auta ta kunna. Ni ba na gani daga inda nake, amma ina ji. Wani ya ce, "La ilaha illallahu, ga Babanmu!" Wani ya ce ga kasuwar Gwiwa tun ba a yi kwalta ba. Wani dattijo ya ga kansa yana yaro riƙe da ragon suna, muryarsa ta karye. Ana ta Allah Ya jiƙan Mai Hoto. Hawaye na zuba min, amma kaina ya yi girma kamar tulu. Na karkata wajen Hajiya Asabe na ce, "Kin ji ko? Wannan suka so su kulle. Ni na hana."

Ta ce, "Ai shi ya sa ake son babba a gida."

Sai surutun waje ya ɗauke ɗif. Can na ji muryar Idi, a sanyaye, kamar ta mutumin kirki.

"Matar Yaya, fito ki ga wani saurayi."

Ya kamata in gane. Idi bai taɓa yin magana a sanyaye ba sai da mugun nufi. Amma sai na ce a raina Malam ne, hotonsa na samartaka ya fito, ni da ba ni da hotonsa ko ɗaya sai na tsufansa. Na ja mayafi na fita gaban maza, abin da ban saba ba. Tabarau ɗina kuwa na bar shi a gida, don ba na son a gan ni da shi a taro.

Na tsaya gaban talabijin. Ga wani siririn saurayi a kan keke a tsakar gida. Keken Malam ne, na san ƙararrawarsa. Tsakar gidanmu na Roni ne, ga rumbu a baya. Rigar saƙin nan ce da na wanke har hannuna ya san zarenta, ga hularsa an karkata ta gefe, ga baƙin tabarau, ga gashin baki baƙi wuluk.

Na fashe da kuka. Ba ƙaramin kuka ba, irin mai sauti. Na manta da liman, na manta da surukai, na manta mace ba ta yabon mijinta a bainar jama'a.

"Allah sarki Malam! Jama'a ku dubi mutum! Ku dubi kwarjini! Wallahi a ƙasar Roni kaf ba a yi namiji mai cikar zati kamarsa ba! Ku dubi gashin baki!"

Har na kai hannu na shafa fuskar talabijin. Ba wanda ya ce amin. Na lura da hakan, amma na ɗauka tausayi ne ya hana su magana.

Idi ya ce, "Matar Yaya, tambaya nake. Yaushe Yaya ya huda kunne?"

Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashin. 'Yan kunne ne. Manya, masu lilo.

Kafin in haɗiye yawu hoton ya sauya da kansa. Saurayin nan ya cire hula ya riƙe a hannu, ga kitso reras, ga bille a kumatun hagu, baki buɗe yana ƙyalƙyala dariya, gashin bakin ya goge gefe ɗaya, don da gawayi aka zana shi. Billen nan yana nan a kumatuna har yau, kuma duk wanda ke ƙarƙashin rumfar ya ɗaga ido ya gwada na talabijin da na gabansa.

Ya sake sauyawa. Ni ce, rediyo a kafaɗa, harshe waje. Ya sake. Ni ce, na karkace kai, na turo baki gaba, turowar da ko jikokina ba su kai ta ba.

A tsaye a wurin lissafin ya zo min, lokacin da ba shi da sauran amfani. Dodon matar aure a hannun mijinta yake zama, haka ne. To ni wane ne mijina? Malam bai karya ƙa'idarsa ba. Matar aure ɗaya ce tak a duniya da dodonta ya halatta ya zauna a akwatinsa, kuma ita ce ta ɗaga yatsa ta rantse babu.

"Kashe! Auta, kashe!"

Auta ta ruɗe, ta rasa abin dannawa, ta fizge wayar talabijin daga bango. Na juya na faɗa ciki bayan labule, ina cewa na tsira. Ina! Matan da ke ciki sun ji dariyar Idi, sun matsa wa yarinyar da ke aikin bugawa ta nuna musu abin da maza suka gani. Ita kuwa dannawa biyu ta yi, ga ni. Wata ta taɓa kwamfutar Auta, nan ma ga ni. Mata sun yi dafifi, jikokina a sahun gaba, ɗaya tana ihu, "Wallahi Inna ce! Ku zo ku ga bakin Inna!"

Na cire mayafi na lulluɓe kwamfuta ta farko. Na waiga, ta biyu tana nuna ni a kan keke. Na wawuri faifan da aka rufe kwanon waina na kare mata fuska. Ina tsaye tsakaninsu hannu biyu a miƙe kamar mai raba faɗa. Hajiya Asabe, wadda ko tari ba na yi a gabanta, ta sa yatsa ta ɗaga gefen faifan a hankali, ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Hajiya, ashe har keke kin iya."

Injiniya ya yi sallama daga bakin labule.

Na ce, "Kai! Wace irin masifa ka haɗa mana? Na kashe can ta ɓullo nan!"

"Hajiya, ba a cikinsu hoton yake ba, a sabar yake. Kowace tana ganin komai. Tsarin da aka zaɓa ke nan."

Aka zaɓa, ya ce. Bai ce kika zaɓa ba. Allah Ya yi wa iyayen mutumin nan albarka, sun ba shi tarbiyya.

"To kashe uwar tasu!"

Ya shiga lungu ya zare waya ɗaya daga bayan baƙar kwamfutar, duka suka tsaya cak. Sai shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai Idi a waje yana tari, goro ya sarƙe shi don dariya. (Na yi addu'a a lokacin. Ba zan faɗi wace iri ba.)

Liman ne ya yi gyaran murya, ya ɗaga murya yadda za mu ji daga ciki. Ya ce, "Jama'a, raha tsakanin miji da mata abu ne mai kyau, addini ya yaba da shi. Allah Ya jiƙan Mai Hoto, yau mun shaida gidansa gidan farin ciki ne." Aka ce amin. Na san rufa min asiri yake yi, amma ni ji na yi kamar ya sa hannu a takardar shaida. Ban tsaya rabon waina ba. Na zare mayafina daga kan kwamfuta, na fita ta ƙofar baya, na tari a-daidaita-sahu.

Da na isa gida na zauna a bakin gado, sai ranar ta dawo min duka. Shekararmu ta farko ce a Roni. An wuni ana ruwa, bai samu zuwa kasuwa ba, ga sauran fim a kyamara. Da rana ta leƙo ya ce, "Yau ke ce mai hoto, ni ne matar gida." Ni na ɗauko rigarsa, ni na shiga madafa na samo gawayin. Na riƙa kwaikwayon tafiyarsa da yadda yake cewa mutane "kada a motsa," ya yi dariya har ya zauna a cikin taɓo. Daga baya kunya ta kama ni, na ce ya rantse ba zai wanke su ba. Ya ce ba zai wanke ba. Bai kuwa wanke ba. Ni ce ban ce ya ƙona dodon ba, shi kuma bai tuna min ba. Duk tashin da muka yi daga gida zuwa gida, duk abin da gara ta ci, wannan ya adana.

Kukan da na yi a nan shi ne na gaskiya, kuma a kan mutumin da ya dace. Ina yi ina yi masa faɗa. Na ce Malam, ka ga abin da ka ja min? Ka tafi ka bar ni da Idi.

Washegari da safe na aika aka kira Injiniya. Ya zo ya durƙusa kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Mai makullin nan da ka faɗa. Na yi tunani. Ita na zaɓa."

"Madalla, Hajiya. Zaɓi mai kyau."

"Ni na zaɓa, ka ji ko? Ba wanda ya sa ni."

"Ke kika zaɓa, ranki ya daɗe."

Auta ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba.

Sai da kaka ta wuce sannan Auta ta gama tsince hotunan. Yanzu talabijin ɗin gaba ba ta ganin komai sai abin da aka ware mata, mai bugawa tana da nata, Auta tana da nata. Nawa kuma an keɓe su wuri guda da lambar sirri, ba mai buɗewa sai da izinina. Matsalar ita ce lambar ma ban iya danna ta ba, sai na kira Auta ta danna min, sannan in ce ta fita. Takan fita. Nakan zauna in kalli yarinyar nan mai gawayi a leɓe, in ce ke dai ba ki da kunya, sannan in tuna wanda take yi wa dariyar yana tsaye a daidai inda nake zaune.

Makullin dai ya yi aiki, sai dai ihu ne bayan hari. Ashe kafin Auta ta fizge waya, Idi ya riga ya ɗauki fuskar talabijin da wayarsa. Tsohon da ke cewa bai iya duba saƙo ba, ranar hannunsa ko rawa bai yi ba. Yanzu duk ya zo daga Roni, daga zaure yake shafa gashin baki yana cewa, "Salamu alaikum, maigidan yana ciki?" Jikoki kuwa na daina yi musu tsawa a kan hoto. Na gwada sau ɗaya, babbarsu ta ce, "Inna, gado ne."

Shawara har yanzu ana kawo min, ban san ko don girma ba ne ko don a ji abin da zan sake ɓarowa. In an kawo nakan tambayi wanda ya san abin me ya gani, kuma in Idi yana wurin sai na sa an kai shi zaure tukuna. Abin da na koya da tsufana shi ne, kafin ka rantse a kan abin da ke cikin akwatin wani, ko da mijinka ne, ka tsaya ka tuna ko kai ma kana ciki.